Hatimin Da Ya Sunkuya

Akwai wani ma'aikaci a birnin Shizuoka mai suna Kuramochi Daigo, mutumin da ko ka zaga ofishinsu kaf kana tambaya ba za ka sami mai faɗin aibunsa ba. Ba ya faɗa, ba ya gulma, ba ya makara. In wani ya kwanta rashin lafiya, shi ne zai ɗauke masa aiki ba tare da an roƙe shi ba. Na zauna da irinsu da yawa, kuma in gaya muku gaskiya sun fi mugayen ba ni tsoro.

Kamfanin da yake wa aiki yana rubuta manhajar kwamfuta da ke kula da manyan ɗakunan sanyi, irin waɗanda ake jibge kifi a ciki a tashar jiragen ruwa. Shekararsa goma sha ɗaya a wurin, kuma abu ɗaya ya sa a gaba: a ɗaga shi ya zama mataimakin shugaban sashe. Sau biyu ana tsallake shi. Matarsa Kanae ta haihu ɗaya, suna fatan na biyu. Ƙarin girman nan kuwa a hannun mutum ɗaya yake, shugaban sashen, Odagiri, wanda kowa ke kira Kacho, wato shugaba da yarensu.

A ofishin nan ba abin da ke motsi sai da hatimi. Duk gyaran da aka yi wa manhaja, komai ƙanƙantarsa, sai an fitar da shi a takarda mai gurbi uku a sama: na wanda ya rubuta, na wanda ya duba, da na shugaba. Kowa da ɗan hatiminsa mai sunan gidansu da jar tawada. Na ƙasa ba ya buga nasa a miƙe, sai ya ɗan karkata shi wajen gurbin shugaba, kamar yana rusuna masa.

Daigo ya ƙware a wannan rusunawa, har sababbin ma'aikata ake turo masa ya koya musu.

A watan Afrilu aka kawo wata sabuwar injiniya mai suna Amemiya Shiori. Kwantiragin shekara ɗaya aka ba ta, in aikinta ya yi kyau a mayar da ita ta dindindin. Ita kaɗai ce mace cikin maza goma sha huɗu, kuma teburinta yana manne da na Daigo.

Ranar farko Odagiri ya dube ta tun daga takalmi har kai, bai ko ɓoye ba.

"To, Shiori-chan, kin iya haɗa shayi, ko kwamfuta kawai aka koya miki?"

Kowa a sashen da sunan gidansu ake kiransa. Ita kaɗai aka kira kamar 'yar ƙaramar yarinyar da aka aika kanti.

"Na iya, Kacho," ta ce. "Amma manhaja aka ɗauke ni in rubuta."

"Kun ji ta ko? Ga kyau ga baki!"

Aka kwashe da dariya. Daigo ma ya yi, 'yar kaɗan, irin wadda ake yi don kada a ga ba ka yi ba.

Daga ranar shayin baƙi ya koma wuyanta, haka wanke kofuna. Amma yarinyar nan tana da kai. Cikin wata uku ta warware wata matsala da ta shekara biyu tana ba su ciwon kai. Daigo ya buɗe aikin yana karantawa, ya ji har cikin ransa cewa ko shekara goma aka ƙara masa ba zai rubuta irinsa ba.

Da ta kai takardar aikin da hatiminta a gurbin wanda ya rubuta, Odagiri ya turo mata ita da ɗan yatsa.

"Wa ya ce ki sa naki?"

"Ni na rubuta, Kacho."

"Ke da nan da shekara biyu kin yi aure kin bar mu da kuka? In abu ya lalace gidan mijinki za mu bi ki? Kuramochi-kun, sake fitar da ita ka sa naka. A cikin kwamfutar ma da sunanka za a riƙa shigarwa."

Akwai wani namiji a sashen shi ma ɗan kwantiragi, kuma nasa hatimin yake bugawa. Ba wanda ya tuna da wannan a fili.

Daigo ya buga. Da suka koma tebur ya rage murya ya ce, "Ki yi haƙuri, Amemiya-san. Takarda ce kawai. Ai kowa ya san ke kika yi."

"Kowa wa?" ta tambaye shi.

Sai ya koma kan allonsa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Odagiri ya fara tsayawa a bayan kujerarta yana dafa mata kafaɗa, wai yana duba aiki. Yau ya tambaye ta turaren nan don wa ta fesa, gobe ya tambayi ko saurayinta yana iya mata. Wayarta ta riƙa ƙara ranar hutu, saƙo kan saƙo, wai ta turo hoto ya ga yadda take in ba kayan ofis. Daigo yana ganin yadda take kife wayar a tebur, yana ganin yadda ta daina cin abinci a ɗakin da kowa ke ci. Abin yana damunsa, wannan gaskiya ne. Sai dai damuwar ba ta taɓa fitowa ta bakinsa ba.

Ranar sha tara ga Janairu suka tafi garin Yaizu da ke bakin teku su uku, don gwada sabuwar manhajar a ɗakin sanyin wani kamfanin kifi. Daigo ne ke tuƙi. Shiori ta buɗe ƙofar gaba za ta shiga, sai Odagiri ya buga kujerar baya da tafin hannu.

"Zo nan ki yi min bayanin aikin a hanya."

Da rana tsaka ne, hanya a buɗe. Ba su yi minti goma ba Daigo ya ɗaga ido ya kalli madubi, ya ga hannun Odagiri a kan gwiwarta. Ta ɗauke hannun, ta matsa har ta manne da ƙofa. Hannun ya dawo, wannan karon ya wuce gwiwa.

"Kacho, na roƙe ka, ka bari."

A fili ta faɗa, ba a raɗa ba. Sannan ta ɗago, idonta ya faɗa cikin na Daigo a madubin.

Jama'a, a nan ne. Birki ɗaya zai taka, ko ya ce akwai wurin shan ruwa a gaba su tsaya. Ko tari ya yi, da mutumin ya san ana ganinsa. Daigo ya miƙa hannu ya karkata madubin sama, ya ƙara murya a rediyo. Ana karanta hasashen yanayi, ya saurare shi har ƙarshe kamar shi zai fita kamun kifi.

Da suka isa, Shiori ta zaga bayan ginin ta yi amai. Ta wanke fuska, ta sa rigar sanyi, ta shiga ta yi awa huɗu tana gwaji.

Mako ɗaya bayan haka ta je ofishin kula da ma'aikata. Aka ce mata ba a buɗe ƙara a kan shugaba sai da shaida, ta je ta samo hatimin wanda ya gani. Lokacin cin abincin rana ta tarar da Daigo a matakalar baya, da akwatin abincinsa a cinya. Ta miƙa masa takardar da hannu biyu.

"Kuramochi-san, ka gani."

"Ni fa hanya nake kallo."

"Ka kalle ni. Na ga idonka."

Ya ajiye tsinken cin abinci.

"Amemiya-san, ki fahimce ni. Kanae saura wata biyu ta haihu. Shekara goma sha ɗaya ina jiran Afrilun nan."

"Ban ce ka yi dambe da shi ba. Hatimi ɗaya nake nema."

"Ki daure zuwa Maris mana. In aka tabbatar da ke, sai ki nemi a canza miki sashe."

"Wa zai tabbatar da ni?"

Dukansu sun san amsar. Ta ninke takardar ta sauka. Haka ta kai ƙarar, gurbin shaida ba komai.

Kwana biyu tsakani Odagiri ya kira Daigo ɗakin taro, ya rufe ƙofa. Ya ajiye masa wata takarda. An rubuta cewa shi, Kuramochi Daigo, shi ya tuƙa motar, babu abin da ya faru sai hirar aiki, kuma Amemiya Shiori mace ce mai saurin fushi da ba ta iya zama da mutane.

"Karanta a hankali, ba na tilasta kowa," in ji Odagiri. Ya kunna taba, ko da yake an hana. "Af, na manta ban gaya maka ba. Na riga na tura sunanka sama."

Daigo ya karanta sau biyu. Ya ciro hatiminsa, ya dangwala a tawada, ya buga shi a karkace yadda ya saba.

Aka rufe ƙarar. Labari kuwa ya bazu tun kafin tawadar ta bushe. In Shiori ta shigo, hira ta mutu. Wani ya ce a gabanta, "Kai, ku matsa, kada rigarku ta taɓa ta ku kwana a kotu." Aka daina kiranta taro. Shayin ne kawai ba a karɓe mata ba.

A watan Maris aka sanar da ita ba za a sabunta kwantiraginta ba.

Kun san abin da ta yi a makonta na ƙarshe? Aiki. Ta ajiye wa Daigo rahoto mai shafi uku a tebur.

"Akwai kuskure a manhajar Yaizu," ta ce, ba ta kalle shi ba. "In wuta ta ɗauke ta dawo sau biyu cikin minti ɗaya, allo zai nuna sanyi yana nan daidai alhali injin bai tashi ba. Ƙararrawa ma ba za ta kaɗa ba. Gyaran mako biyu ne. Kada a miƙa musu a haka."

Daigo ya kai wa Odagiri. Ko shafin farko bai buɗe ba.

"Korarriya ce take so ta bar mana wari. Mace in ta ji haushi ba abin da ba za ta ƙirƙiro ba. An yi wa mutane alkawarin ƙarshen wata, kuma ƙarshen wata za su karɓa. Injin yayyaga takarda yana can."

Daigo ya so ya duba da kansa. Ya buɗe wurin da ta nuna, ya yi ta kallo bai gane ba, kuma kunya ta hana shi juyawa ya tambaye ta. Ya sa rahoton a injin.

Ranar da ta tafi ba fure, ba jawabi. Ta wanke kofunan baƙi, ta jera su, ta ɗauki jakarta.

Afrilu ta zo da duk abin da Daigo ya nema. Aka ɗaga shi, Kanae ta haifi namiji, abokan aiki suka riƙa rusuna masa da nasu hatiman. Aka kuma kawo wata sabuwar injiniya, Tsuruta Hinako, 'yar shekara ashirin da uku, aka ba ta teburin Shiori. Daigo ya koma teburin mataimaki can kusa da taga, ya sayi abin toshe kunne mai kyau, wai don ya fi mai da hankali kan aiki.

A watan Satumba guguwar teku ta sauka, a daidai hutun kwana uku. Wuta ta yi ta kiftawa a Yaizu. Mai gadin kamfanin kifin ya duba allo safe da yamma, allo ya ce masa komai lafiya. Ranar Talata da aka buɗe ƙofofin, sai da ma'aikata suka fito a guje suna toshe hanci. Kifin tuna na ɗakuna shida ya narke ya ruɓe, kamun jirage na wata da watanni. Mutanen unguwar sun yi mako ba su buɗe taga ba.

Hedikwata ta turo kwamitin bincike, mutum uku masu baƙaƙen kwat. Odagiri ya tsaya gabansu ya rusuna har ƙasa, muryarsa tana rawa kamar gaske.

"Laifina shi ne yarda. Shugaba ba ya karanta kowane layi. Na yarda da wanda ya rubuta, ga shi ya kai ni ya baro."

Ya tura musu tarin takardu. Sittin da uku ne, kuma a kowace ɗaya hatimin Daigo ne a gurbin wanda ya rubuta.

Aka kunna allo, aka ce Daigo ya yi bayanin wurin da kuskuren yake. Ya yi tsuru-tsuru. Ya fara magana ya sarƙe, ya sake farawa ya sarƙe.

"Gaskiya ba ni na rubuta ba," ya ce a ƙarshe.

Babban cikinsu ya cire tabarau. "To me ya kawo hatiminka nan?"

"An kuma yi gargaɗi tun Maris. Akwai rahoto."

"Ina yake?"

Daigo ba shi da abin nunawa, tun da shi da kansa ya yayyaga rahoton. Ya koma sashen yana bin mutane tebur-tebur, waɗanda ya ɗauke wa aiki, waɗanda ya koya wa buga hatimi. Ya roƙi ko mutum ɗaya ya ce ya san Shiori ce ta yi aikin, Kacho kuma ya hana gyara. Wannan ya ce shi bai lura ba. Wancan ya ce lokacin yana kan wani aikin. Ɗaya ma bai ɗago daga allonsa ba, ya ce, "Ka fahimce ni, ina da yara."

Kwamitin ya ba shi mako guda. Ko ya kawo hujja, ko ya ajiye aiki da laifin a kansa. Kuma a wannan sana'a, wanda aka ce shi ya ruɓar da kifin Yaizu ba mai sake ba shi ko kujera.

Mutum ɗaya ya rage masa a duniya. Ranar Asabar ya hau jirgin ƙasa zuwa Mikkabi, garin su Shiori. Ya same ta a rumfar tantance lemu ta kawunta, da safar hannu, tana ware manya da ƙanana. Ta rame, ta yanke gashi. Da ta gan shi hannunta bai tsaya ba.

Daigo ya zube a kan siminti cikin kwat ɗinsa, ya kafa goshi a ƙasa. Matan da ke aiki suka tsaya suna kallo.

"Tashi, Kuramochi-san," ta ce. "Ka tare hanyar kwanduna."

Suka fita bayan rumfar. Ya kwashe komai ya gaya mata, yana haɗa kalmomi da kyar.

"Na gani a labarai," ta ce. "Na yi kuka saboda masu jiragen nan. Kai ban yi maka ba."

"Ban cancanta ba. Amma ina kike aiki yanzu? Ina nufin, ban da nan."

"Ban da nan?" Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Kamfani uku na je. Duk sun yaba, duk sun buga wa Kacho waya. An gaya musu ina da fitina, har da takardar shaida. Ka san wanda ya sa mata hatimi."

Ya sunkuyar da kai.

"Tun Yuni ban buɗe kwamfuta ba. In na ji takun mutum a bayan kujerata sai numfashina ya ɗauke. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake rubuta manhaja, ka sani? Yanzu lemu nake warewa."

"Na roƙe ki, Amemiya-san. Hatimi ɗaya kawai."

Sai da maganar ta fita ya ji ta a kunnensa. Ita ma ta ji. Ta daɗe tana kallonsa, ya gwammace ta mare shi.

"Jira ni a nan," ta ce.

Awa biyu ya yi a tsaye. Ta dawo da takarda shafi huɗu rubutun hannu, da hoton rahotonta na Maris da ta ɗauka a waya kafin ta miƙa, kwanan wata a jiki. Ya fara karantawa a gurguje. Shafi na ɗaya da na biyu sun wanke shi tas: ita ta rubuta manhajar, ta gano kuskuren, ta yi gargaɗi, Odagiri ya hana. Har hawayen murna ya taru masa.

Sai ya buɗe na uku. Motar ce, da hannun, da madubin, da rediyon. Na huɗu kuma labarin takardar ƙaryar da ya sa wa hatimi.

Ya duba gefen shafukan. Ta haɗa su ta buga hatiminta a kan kowace mahaɗa, rabi a wannan shafi rabi a wancan, kamar yadda ake yi wa takardar yarjejeniya. Duk wanda ya cire ɗaya, rabin hatimin da ya rage zai tona shi.

"Ban ƙara ko kalma ba, ban rage ba," ta ce. "Ko ka kai duka, ko ka bar duka. Sai an jima, aiki yana jirana."

A jirgin dawowa ya lissafa abin ta kowace fuska. In ya kai, laifin kifi ya sauka daga kansa, amma kowa zai san shi mai shaidar zur ne. In bai kai ba, ya tafi da laifin da bai yi ba, laifin da ya yi kuwa ya kwanta a rufe. Kun ga dai har a lokacin kansa yake aunawa.

Da ya isa gida da yamma, Kanae tana ba jariri nono. Ya miƙa mata takardar don ya rasa ta inda zai fara. Ta karanta da hannu ɗaya, a hankali, har ƙarshe.

"Ka juya madubin?"

"Eh."

"Daigo, ka tuna abin da ya fitar da ni daga aikina na farko? Na ba ka labari tun kafin mu yi aure. Ka buga tebur ka ce da kana wurin da ka karya masa hannu."

"Saboda ku na yi, Kanae. Ke da yaran."

"Kada ka sa mu a ciki." Muryarta ba ta tashi ba. "Ba ka tambaye ni ba. Litinin ka kai musu, duka huɗun."

Ta ɗauki yaron ta shige ɗaki, ta ja ƙofa.

Litinin ya kai. Kwamitin ya yi mako uku yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma da suka ga Kacho ya fara tangal-tangal, sai ga bakuna sun buɗe. Waɗanda ba su lura ba jiya, yau sun tuna har da kwanan wata.

Odagiri ya tafi. A sanarwar kamfani an rubuta wai ya ajiye aiki ne saboda rashin lafiya, amma garin ƙarami ne, kuma ba a ƙara jin wani ya ɗauke shi ba. Daigo an wanke shi daga laifin kifi. An kuma sauke shi daga muƙamin da ya yi wata bakwai a kai, aka tura shi wani ƙaramin reshe can arewa, inda zai riƙa amsa wayar masu ƙorafi. Kamfanin ya rubuta wa Shiori wasiƙar ban haƙuri, ya ce ta dawo a matsayin ma'aikaciyar dindindin. Ta amsa da layi ɗaya cewa ta gode, ba za ta iya ba.

Ranar da Daigo yake kwashe kayan teburinsa a kwali, yana ta faɗa wa kansa cewa ko ba komai ya gyara abin a ƙarshe. Ya makara, amma ya gyara. Har ya fara jin sauƙi a ƙirjinsa.

Sai ya ga mutum tsaye a gabansa. Hinako ce, yarinyar da ta gaji teburin Shiori. Wata bakwai suna sashe ɗaya, bai taɓa yi mata maganar da ta wuce gaisuwa ba. Yau ne ya fara lura da yadda kwat ɗinta ya yi mata yawa.

"Kuramochi-san, kwamiti ya kira ni ni ma," ta ce. "Sun karanta min takardar Amemiya-san. Sha tara ga Janairu ne abin motar, ko?"

"Haka ne."

"Ni ɗaya ga Afrilu aka ɗauke ni. Da ka sa mata hatimin nan a lokacin, da ban taɓa sanin wani Kacho ba."

Kwalin ya yi masa nauyi a hannu. Ya ajiye shi.

"Ban sani ba, Tsuruta-san. Ban san ke ma..."

"Sau huɗu ya tafi da ni Yaizu, daga ni sai shi. Takardar izinin tafiya ta hannun mataimaki take bi. Duk huɗun kai ka buga. A ta uku na tsaya a nan, daidai nan, ina jira ka ɗago ka tambaye ni ko ina son zuwa. Abu ne a kunnenka."

Sauran mazan sashen kowa ya kafa wa allonsa ido.

"Ba faɗa na zo yi ba," ta ce. "Sallama na zo. Ni ma yau na ajiye. Mahaifiyata tana jirana a ƙasa."

Ta cire katin shaidar aikinta daga wuya, ta ɗora a kan kwalinsa, tun da har ƙarfe biyar shi ne mataimaki. Ta rusuna masa yadda ƙarami ke yi wa babba, ta juya ta fita.

Darasi: Mai cin zarafin mace a wurin aiki ba shi kaɗai yake aikin ba, yana jingine ne da mutanen kirki da suka gani suka kau da kai. Shirun da kake yi don ka tsare kujerarka ba zai tsare ta ba, kuma kafin ka farka wata ta biya kuɗinsa da sana'arta da lafiyarta, wata ma tana bayanta a layi. In ka gani ka faɗa a ranar, domin gaskiyar da aka faɗa a makare ba ta mayar wa kowa abin da ya rasa. Ku tura wannan labari ga abokan aikinku, musamman maza masu ganin tunda ba su taɓa kowa ba hannunsu a wanke yake.